Tambayoyi da Amsoshi kan Matsalolin Katin Sadarwa a Linux

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa a bakin masu shagunan intanet, da masu gyaran kwamfuta, da ɗalibai, daga Ngaundere da Garwa da Marwa har zuwa Kusiri da Njamena, a duk lokacin da aka saka Linux a kwamfuta sannan ta ƙi haɗuwa da intanet. Yawancin kwamfutocin da ke hannunmu na hannu ne, an shigo da su bayan sun yi shekaru suna aiki a wata ƙasa, kuma yawancinmu da wayar salula ko ƙaramin modem muke samun intanet, don haka amsoshin sun yi la'akari da wannan hali. Misalan na Debian da Ubuntu da Linux Mint ne, domin su aka fi sakawa a nan.

Na saka Linux, intanet ba ta aiki. Daga ina zan fara?

Ka fara daga ƙasa, ka hau sama mataki bayan mataki, kada ka tsallake ko ɗaya. Da farko ka tabbatar kwamfutar ta ga katin sadarwar, wato sashen da ke haɗa ta da kebul ko Wi-Fi. Bayan haka ka duba ko akwai direba, wato manhajar da ke tafiyar da shi, sannan ko ya haɗu da kebul ko Wi-Fi, sannan ko ya samu adireshin IP, sannan ko ya san ƙofar da zai bi ya fita waje, a ƙarshe kuma ko yana iya fassara sunayen shafuka zuwa lambobi. Kowace matsala a ɗaya daga cikin waɗannan matakai take zaune, kuma kowane mataki yana da umarnin da ke bayyana halinsa cikin ɗan lokaci kaɗan.

Abin da ya fi ɓata wa mutane lokaci shi ne gaggawar goge tsarin a sake sakawa. Wanda ya yi haka kamar mutumin da ya rushe ɗaki ne don makullinsa ya ɓata, domin idan direba ne babu a faifan da aka saka da shi, to ko sau nawa aka maimaita sakawar ba zai bayyana ba. Ka buɗe tagar umarni, wato Terminal, ka rubuta `ip link`. Idan ba ka ga komai ba sai `lo`, wanda haɗin kwamfutar ne da kanta, to matsalarka ta direba ce ko ta katin kansa. Idan kuwa ka ga wani suna ban da shi, ka wuce matakin farko da na biyu.

Littafin da nake bi yana maganar eth0 da ifconfig, amma ban ga ko ɗaya ba. Katin nawa ya lalace ne?

Bai lalace ba, littafin ne ya tsufa. Tun daga shekarar 2013 tsarin systemd, mai tada ayyukan Linux idan an kunna kwamfuta, ya fara raɗa wa katuna suna bisa wurin da suke zaune a cikin kwamfuta, don kada sunan ya riƙa sauyawa daga kunnawa zuwa kunnawa. Shi ya sa katin kebul yake fitowa da suna irin `enp3s0` ko `eno1`, na Wi-Fi kuma `wlp2s0`, wanda aka soka ta USB kuwa sau da yawa yana farawa da `enx` sai dogayen lambobi. Shi ma `ifconfig` an daina saka shi kai tsaye a yawancin sababbin fitowa, `ip addr` da `ip route` ne suka maye gurbinsa. Duk inda tsohon bayani ya ce eth0, ka sa sunan da `ip link` ya nuna maka.

Ta yaya zan gane cewa direba ne babu?

Ka rubuta `lspci -nnk` ka nemi layin da ya ambaci Ethernet ko Network. A ƙarƙashinsa ya kamata a ga layin da ke faɗin direban da ake amfani da shi, kamar `e1000e` ko `iwlwifi` ga katunan Intel, ko `r8169` ga yawancin katunan kebul na Realtek. Idan katin ya bayyana amma wannan layi babu shi, to kwamfutar ta san da katin, ba ta dai da abin da za ta yi magana da shi. Idan na USB ne, `lsusb` za ka yi amfani da shi. Lambobi da haruffan nan takwas da ke fitowa da alamar ɗigo biyu a tsakiyarsu su ne ainihin shaidar katin, kuma da su ya kamata ka yi bincike, domin sunan da aka buga a jikin kwali ba abin dogaro ba ne: kamfani yakan sauya abin da ke ciki ya bar sunan yadda yake.

Akwai hali na biyu da ya fi rikita mutane, wato direban yana nan amma katin bai tashi ba. Katunan Wi-Fi da yawa suna buƙatar wata ƙaramar manhaja mai suna firmware da ake loda musu duk lokacin da aka kunna kwamfuta, kuma kamfanonin da suka ƙera su ba su buɗe lambobinta ga jama'a ba. Shekaru da yawa Debian ba ta sa irin wannan manhaja a faifanta na hukuma, saboda riƙo da aƙidar manhaja mai 'yanci, sai daga Debian 12 da ta fito a 2023 aka fara haɗa ta a ciki. Wanda ya saka tsohuwar Debian daga faifan da ya gada a wurin wani, sau da yawa a nan matsalarsa take. Umarnin `sudo dmesg | grep -i firmware` zai nuna sunan fayil ɗin da aka nema aka rasa, kuma ƙunshin manhajar da ke ɗauke da shi, wanda za ka saka, yakan zama `firmware-iwlwifi` ko `firmware-realtek` ko `firmware-atheros`. Ga mai allon rubutu irin na Faransa, wanda shi ne ya fi yawa a wurinmu, tsayayyen layin nan da ke tsakiyar umarnin yana fitowa ne idan aka danne AltGr tare da 6.

Katunan Broadcom, waɗanda suka cika tsofaffin kwamfutocin hannu na HP da Dell, su ne suka fi ba da wahala, domin wasunsu da direban `b43` suke aiki, wasu kuma sai da na kamfanin, wanda ake kira `wl`, kuma idan aka loda biyun tare sukan hana juna aiki. A Ubuntu umarnin `ubuntu-drivers devices` yana faɗin wanda ya dace. A ganina ya fi kyau mutum ya bi wannan shawara da ya kwafi umarni daga wani tsohon bayani da aka rubuta don wani kati dabam.

To yaya zan sauke direba alhali intanet ɗin ce babu?

Wayar salularka ita ce mafita. Ka haɗa wayar Android da kwamfutar ta kebul na USB, ka shiga saitunan raba intanet, inda wayoyin da ke Faransanci suke rubuta partage de connexion, ka kunna rabawa ta USB. Linux yana ɗauke da direban wannan haɗi tun asali, don haka wayar za ta bayyana kamar sabon katin kebul, ta kuma ba kwamfutar adireshi da kanta. Daga nan sai `sudo apt update`, sannan ka saka ƙunshin da ake buƙata. Ka kula kada ka bar tsarin ya fara sabunta komai da komai a wannan lokaci, domin zai iya cinye datar da ka saya kafin ka kai ga abin da ya kawo ka. Idan wayar tana caji amma zaɓin rabawar ya ƙi kunnuwa, ka sauya kebul, domin da yawa daga cikin masu araha da ake sayarwa a kasuwa wuta kawai suke ɗauka, ba su da wayoyin da ke ɗaukar bayanai.

Na soka kebul amma babu abin da ya faru.

Idan `ip link` ya nuna `NO-CARRIER` a gaban sunan katin, to yawanci ba saiti ne zai gyara lamarin ba, domin katin bai ji komai a ɗaya bakin ba. Ka duba ko 'yan fitilun bakin ramin suna haske, ka gwada wani kebul, ka gwada wani rami a jikin na'urar rarraba intanet. Umarnin `sudo ethtool` tare da sunan katin zai faɗi ko an samu haɗi da kuma saurinsa. Kebul na sadarwa yana da ƙananan wayoyi takwas a ciki. Saurin megabit 1000 yana buƙatar dukkansu, na megabit 100 kuwa huɗu sun ishe shi. Saboda haka idan katinka da na'urarka duka masu saurin 1000 ne amma ka ga 100, kusan kullum waya ɗaya ce ta katse ko ba a matse kan kebul ɗin da kyau ba. Tsawon kebul kuma kada ya wuce mita 100.

Yanayin ƙasarmu yana da hannu a nan fiye da yadda ake zato. Ƙurar hunturu tana shiga ramin ta rufe ƙarafunan da ke taɓa juna, kebul ɗin da aka ja ta kan rufin kwano kuma zafin watan Maris da Afrilu yana busar da robarsa har ta tsage. Da damina, tsawa takan bi dogon kebul da aka ja daga wani gini zuwa wani ta ƙone ramin katin, ta bar sauran kwamfutar lafiya lau. Irin wannan kati yakan ci gaba da bayyana a `lspci` kamar babu abin da ya same shi, amma ba zai sake samun haɗi ba, kuma maganinsa shi ne ƙaramin katin kebul na USB.

Idan kwamfutar tana da Windows a gefe, ka kashe tsarin saurin kunnawa na Windows ɗin, domin ba ya kashe na'urori gaba ɗaya, yakan bar katin cikin halin da Linux ba zai iya tada shi ba. Kashe kwamfutar, da zare wuta da batir na ɗan lokaci, yakan dawo da shi.

Wi-Fi a kashe yake, maɓallin kunnawa kuma ya ƙi dannuwa.

Ka rubuta `rfkill list`. Idan toshewar ta manhaja ce, `sudo rfkill unblock all` zai buɗe ta. Idan ta jikin na'ura ce, babu umarnin da zai taɓa ta: ka nemi ɗan maɓallin da ke gefen kwamfutar, ko Fn tare da maɓallin da ke da hoton eriya, ko ka shiga BIOS, wato saitin da ake shiga daidai lokacin kunna kwamfuta, ka duba ko a can aka kashe.

Akwai haɗi, amma katin bai samu adireshi ba.

A yawancin gidaje da shaguna na'urar rarraba intanet ce ke raba adireshi ta hanyar DHCP. Idan `ip addr` bai nuna layin `inet` ba, ko ya nuna adireshin da ya fara da 169.254, to kwamfutar ta yi tambaya ba a amsa mata ba. Bayan ɗaukewar wuta wannan yakan faru, domin kwamfuta tana riga na'urar rarrabawa tashi, kuma cire haɗin a mayar ya isa.

Amma akwai dalilin da ke cikin Linux kansa, wanda ya cancanci a fahimce shi sosai. Manhajojin da ke iya kula da kati sun fi ɗaya: akwai NetworkManager da ke kan yawancin kwamfutocin tebur, akwai tsohon tsarin Debian da ke karanta fayil ɗin `/etc/network/interfaces`, akwai systemd-networkd, sannan Ubuntu tun daga fitowar 17.10 ta ɗora Netplan a kansu. Kati ɗaya mai kula ɗaya yake buƙata. A Debian, idan aka rubuta sunan kati a cikin `/etc/network/interfaces`, NetworkManager yana janye hannunsa daga gare shi, sai `nmcli device status` ya nuna cewa ba ya ƙarƙashin kulawarsa. Mutum ya yi ta danne-danne a allo babu abin da ke sauyawa, alhali ikon katin yana wani wuri. Ka zaɓi ɗaya: ko ka cire layukan katin daga wannan fayil ka sake kunna kwamfutar, ko ka yi dukkan saitinka a cikinsa.

Ga masu amfani da Netplan, fayilolin suna cikin `/etc/netplan`, kuma tsarin rubutunsu ba ya yafe kuskuren tazara: da maɓallin sarari ake matsar da layi, ba da Tab ba. Ka riƙa gwadawa da `sudo netplan try`, wanda ke mayar da tsohon saiti bayan daƙiƙa 120 idan ba ka tabbatar ba. Wanda ke gyara kwamfutar ofis daga nesa, a ce yana Garwa ita kuma tana Marwa, wannan umarni ne zai hana shi hawa mota saboda kuskuren layi ɗaya.

Yaya ake ba kwamfuta adireshin da ba ya sauyawa?

Hanya mafi sauƙi ita ce `nmtui`, wanda ke buɗe allon zaɓi a cikin tagar umarni. Abubuwa huɗu ake cikawa: adireshin, kamar 192.168.1.50, da faɗin zangon, wanda yawanci /24 ne, da ƙofar fita, wato adireshin na'urar rarrabawa, da kuma DNS, wato mai fassara sunayen shafuka zuwa lambobi. Wanda ya manta ƙofar fita zai ga firinta da sauran kwamfutocin shago amma ba zai fita intanet ba. Ka zaɓi lambar da ke wajen zangon da na'urar ke rabawa da kanta, don kada wata rana ta ba wayar wani baƙo lambar da ka riga ka ɗauka.

Alama ta nuna an haɗu, amma shafuka ba sa buɗewa.

Gwaji uku ne ke raba gardama, kuma a jere ake yin su. Ka duba ƙofar fitarka da `ip route`, ka aika mata `ping`, umarnin da ke gwada ko za ta amsa. Idan ta amsa, ka aika wa 1.1.1.1 ko 8.8.8.8. Idan su ma sun amsa, ka aika wa sunan wani shafi. Inda amsa ta tsaya, nan matsalar take. Rashin amsar ƙofa yana nufin matsalar cikin gida ce. Idan ƙofa ta amsa amma waje bai amsa ba, katinka ba shi da laifi, sai ka duba ko data ta ƙare ko layin kamfanin ne ya yanke. Idan lambobi suna amsawa amma sunaye ba sa yi, DNS ne. A Ubuntu da Mint za ka ga 127.0.0.53 a cikin `/etc/resolv.conf`, wannan daidai ne, kuma gyara fayil ɗin da hannu ba ya ɗorewa domin tsarin yana sake rubuta shi. Ka duba da `resolvectl status`, ka yi gyaran a cikin saitin haɗin.

Idan duk ukun sun amsa amma burauza tana kukan cewa takardar shaidar shafi ba ta da inganci, ka kalli agogon kwamfutar. Tsofaffin kwamfutoci suna zuwa da ƙaramin batirin agogo a cikinsu, mai lamba CR2032, wanda ya riga ya mutu, don haka duk lokacin da wuta ta ɗauke sai kwanan wata ya koma shekarun baya, shafukan da ke da tsaro kuma su ƙi buɗewa. Umarnin `timedatectl` zai nuna maka, sauya batirin kuma shi ne gyara na dindindin. Wannan matsala ta sa an zargi katunan sadarwa masu yawa da ba su yi komai ba.

Modem ɗina na USB yana fitowa kamar faifai, ba kamar modem ba.

Haka aka ƙera su: da farko suna nuna kansu a matsayin faifan da ke ɗauke da manhajar Windows, sai an aika musu wani saƙo kafin su juya su zama modem. A Linux ƙunshin `usb-modeswitch` ne ke wannan aiki, ModemManager kuma ya karɓa daga nan, kuma `mmcli -L` zai nuna ko an gane shi. Sai ka cika sunan APN, wato mashigar data, na kamfanin layinka, ko MTN ko Orange ko Camtel a Kamaru, ko Airtel ko Moov Africa a Chadi, kuma hanya mafi tabbas ta sanin sa ita ce duba saitin wayar da ke aiki da irin wannan layi. Ka cire lambar PIN daga layin tukuna. Wasu modem na Huawei kuwa ba sa buƙatar duk wannan, domin suna bayyana kamar katin kebul, ana kuma saita su ta burauza a adireshin 192.168.8.1.

Idan kebul na shago yana soke a lokaci guda, NetworkManager yana fifita kebul a kan Wi-Fi, Wi-Fi kuma a kan modem. Saboda haka kebul da ba shi da intanet zai iya janye dukkan zirga-zirga ya bar modem mai data a zaune. A saitin haɗin kebul ɗin akwai zaɓin da ke cewa a yi amfani da shi don na'urorin cikin gida kawai, shi za ka kunna.

Mun kwafi faifai ɗaya zuwa dukkan kwamfutocin shago, yanzu suna katse juna.

Kwafin ya tafi da abubuwan da ya kamata kowace kwamfuta ta mallaki nata. Idan ta farkon tana da adireshi na dindindin, to yanzu duka suna da shi, sai a sauya wa kowace. Idan kuma DHCP ake amfani da shi ta hannun systemd-networkd, shaidar da kwamfuta ke gabatarwa ana samo ta ne daga fayil ɗin `/etc/machine-id`, kuma tunda iri ɗaya ne a dukkansu, na'urar rarrabawa tana ɗaukarsu kwamfuta guda ta ba su lamba ɗaya. A kowace sai a goge wannan fayil, tare da `/var/lib/dbus/machine-id` idan yana zaman kansa, a gudanar da `sudo systemd-machine-id-setup`, a sauya mata suna, a sake kunnawa.

Bayan sabuntawa Wi-Fi ya ɓace.

Wannan ya fi samun wanda ya saka direba daga wajen tsarin. Irin wannan direba ana gina shi ne don kanel guda, wato zuciyar tsarin, kuma idan sabo ya zo dole a sake ginawa. Wata manhaja mai suna DKMS tana yin haka da kanta muddin ƙunshin `linux-headers` na sabon kanel yana nan, kuma `dkms status` zai nuna ko ginin ya yi nasara. Kafin ka gyara, ka zaɓi tsohon kanel daga jerin zaɓin da ake kira GRUB lokacin kunnawa don ka samu intanet. Idan ginin ya yi amma direban ya ƙi loduwa, ka duba `mokutil --sb-state`, domin tsarin tsaron kunnawa da ake kira Secure Boot yana hana loda direban da ba a sa masa hannu ba.

Saƙonnin kwamfutata da Faransanci suke fitowa, wanda zai taimake ni kuma bai iya ba.

Ka sa `LC_ALL=C` a gaban umarnin, kamar `LC_ALL=C nmcli device status`, saƙon zai fito da Turanci a wannan karon kawai ba tare da an sauya harshen kwamfutar ba. Wannan yana da amfani ga wanda ke neman taimakon ɗan'uwa a Yola ko Maiduguri, haka kuma wajen bincike, domin bayanan da aka rubuta kan saƙon Turanci sun fi yawa. Idan za ka tura tambaya, ka haɗa da sunan tsarin da lambar fitowarsa, da sakamakon `lspci -nnk` ko `lsusb`, da `ip addr`, da `ip route`, da kuma layukan ƙarshe na `journalctl -u NetworkManager -b`, sannan ka faɗi abin da ka sauya kafin matsalar ta fara. Kafin ka tura hoton allo ko wani fayil na saiti, ka duba ka goge kalmar sirrin Wi-Fi ɗinka idan ta bayyana a ciki.